Yarinyar da ake azabtarwa a gidan hayarmu: wane iko doka ta ba maƙwabci?

Maman Walida ta rubuta:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina juya wannan magana a zuciyata kafin na yanke shawarar kawo ta gabanku, kuma ba zan ambaci sunan kowa ko unguwar da muke ba, sai dai in ce muna zaune ne a wani gidan haya mai ɗaki tara a ɗaya daga cikin garuruwan da ke gefen Abuja, a cikin yankin Babban Birnin Tarayya. A ɗakin da ke kallon namu akwai wani magidanci direban babbar mota, wanda yakan yi mako biyu ko uku bai kwana a gida ba, da matarsa da 'ya'yanta biyu ƙanana, sai kuma wata yarinya mai kimanin shekara takwas wadda mahaifiyarta ta rasu shekara uku da suka wuce. 'Yar mijin ce, matar uba ke riƙe da ita.

Tun kafin a kira sallar asuba ake tashin yarinyar nan ta ɗebi ruwa, ita ce wanke-wanke, ita ce wankin ƙannenta, kuma ba a sa ta makarantar boko ba, Islamiyyar ma sai an ga dama. Duka kuwa ba a magana, da wayar wuta ake yi, har mun san ƙarar. Na taɓa samun matar cikin lumana na ce ta sassauta, ta amsa mini da fara'a, amma a daren ranar dukan da yarinyar ta sha ya ninka na kullum, kuma muna jin ana tambayarta wa ta kai wa ƙara. Daga ranar na kama bakina.

Abin da ya hana ni barci shi ne na makon jiya. Mun haɗu da ita a bakin famfo ta naɗe hannunta na dama cikin hijabi, tana ƙoƙarin ɗaga bokiti da hagu. Da na buɗe hijabin sai na ga ƙuna a bayan hannun, doguwa, mai siffar bakin wuƙa sak, ta fara ruwa tana wari. Ban tambaye ta komai ba, amma da sauri ta ce mini, "Faɗuwa na yi a kan murhu," tana waige-waige. Daga baya ɗiyata ta gaya mini cewa tsokar nama ɗaya ce ta ɓace a tukunya. Mai gidan haya ya taɓa yi wa uban magana, sai uban ya ce 'yarsa ce, tarbiyya ake yi mata. Maigidana kuma ya ce kada in shiga sharo ba shanu.

Ina roƙon masana su fahimtar da ni. Shin wannan laifi ne a doka alhali uban yarinyar da kansa bai ga aibinsa ba? Ni da ba dangin iya ba na baba, ina da hurumin kai ƙara? Idan kuma na kai, ina za a kai yarinyar? Babban tsorona shi ne a yi kwana biyu ana hayaniya, sannan a mayar da ita ɗakin nan, ta biya bashin abin da ni na jawo.

Barista Mai Bin Kotu ya amsa:

Wa alaikumus salam, Maman Walida. Zan fara da tambayarki ta farko, domin a nan ne mutane suka fi ruɗewa, kuma ruɗewar tana da dalili. Gaskiya ne cewa dokar Penal Code, wato dokar laifuffuka da Arewa ke aiki da ita tun 1960 wadda har yau take aiki a Abuja, ta ba iyaye damar horon 'ya'yansu. Sashe na 55 ya ce ba laifi ba ne uba ko mai riƙo ya hori yaron da bai kai shekara 18 ba, amma da sharaɗi biyu: ya kasance domin gyara aka yi, kuma kada ya kai ga mummunan rauni. Dokar ba ta bar ma'anar mummunan rauni ga son ran kowa ba, ta lissafa shi: karya ƙashi ko gocewarsa, karya haƙori, makantar da ido, kurmantar da kunne, ɓata kamannin fuska ko kai har abada, da duk ciwon da ya jefa rai cikin haɗari ko ya bar mutum kwana 20 cikin matsanancin raɗaɗi ko ya kasa harkokinsa na yau da kullum. Mutanen da ke cewa "ɗana ne, in ga dama in yanka" sun ji rabin sashen ne suka bar sauran.

Ko da likita ya ce ƙunar ba ta kai wancan mataki ba, akwai sashe na 238, wanda aka yi musamman domin irin wannan gida. Ya ce duk wanda yaro ɗan ƙasa da shekara 15 yake hannunsa, ya musguna masa da gangan ko ya yi sakaci da shi har ya jawo masa wahalar da ba ta da dalili, ana iya ɗaure shi har shekara 2, idan kuma abin ya yi wa lafiyar yaron mummunar illa, ɗaurin yana iya kaiwa shekara 5. Ki lura da kalmar sakaci, domin ita ce ke shigo da uban cikin maganar. Wanda aka gaya wa ana cutar da 'yarsa ya kau da kai ya hau mota ya tafi, ba zai tsira da cewa ba hannunsa ne ya riƙe wuƙar ba. Yardarsa ba ta halatta komai, saboda laifin an yi wa yarinyar ne da hukuma, ba shi aka yi wa ba balle ya yafe.

Kasancewarku a yankin Abuja ya sauƙaƙa al'amarin ƙwarai, domin akwai dokoki biyu na tarayya da ke aiki a nan kai tsaye. Ta farko ita ce Dokar 'Yancin Yara ta 2003. Sashenta na 1 ya ce a duk matakin da ya shafi yaro, maslahar yaron ce ake sa wa a gaba, sashe na 11 ya haramta azabtar da yaro, ji masa rauni a jiki ko a zuciya, wulaƙanta shi ko yin sakaci da shi, sashe na 15 kuma ya ɗora wa iyaye da masu riƙo nauyin tabbatar da cewa yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare. Wannan doka ce ta kafa kotun iyali, wadda ke zama ba a bainar jama'a ba. Ta ba 'yan sanda ikon ɗauke yaro zuwa amintaccen wuri na ɗan ƙayyadadden lokaci idan yana cikin haɗari, ta ba kotu ikon ba da umarnin kariya na gaggawa, kuma idan jami'in kula da yara ko ɗan sanda ya gabatar da yaron a matsayin mai bukatar kulawa da kariya, kotu tana iya damƙa shi a hannun mutumin da ta ga ya cancanta, ɗan uwa ne ko ba ɗan uwa ba. Saboda haka ba lallai ba ne a ce gidan marayu za a kai ta. Ta biyu ita ce dokar hana cin zarafi ta 2015 da aka fi sani da VAPP, wadda hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP ke kula da aiwatar da ita a Abuja. A ƙarƙashinta wani yana iya neman umarnin kariya a madadin wanda ake zalunta, kamar ɗan sanda, ma'aikacin lafiya, jami'in walwala ko malamin makaranta, kuma idan ƙaramin yaro ne ba a bukatar rubutacciyar yardarsa balle ta iyayensa.

Ga masu karatu daga wasu jihohi, ku sani dokar 2003 ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta yi tata. Kaduna ta yi a 2018, Kano sai a 2023, kuma kowace jiha ta yi gyare-gyare gwargwadon al'adarta da addininta, don haka a nemi kwafin ta jiha kafin a kafa hujja da lambar sashe.

Game da hurumi, kai rahoton laifi ba ya bukatar dangantaka. Kina iya zuwa ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukumarku, ko NAPTIP, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko sashen kula da mata da yara na 'yan sanda, kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana karɓar irin wannan ba tare da kuɗin lauya ba. Ni a ganina ki fara da jami'an walwala ko NAPTIP, su su shigo da 'yan sanda. Abu biyu kawai zan gargaɗe ki. Kada tausayi ya sa ki ɗauke yarinyar ki ɓoye ta ko ki sa ta a mota zuwa wani gari da kanki, domin nan take za a juya maganar ta zama satar yarinya daga hannun mai riƙonta, ke ce za ki kwana a caji ofis. Kada kuma ki ɗora hotonta a Facebook ko ki watsa a WhatsApp, domin hoton zai bi ta har ranar aurenta, kuma dokar ta hana bayyana suna ko hoton yaron da maganarsa ke gaban kotu.

Dattijo Mai Tireda ya amsa:

Barista ya yi bayani mai kyau, Allah ya ƙara ilimi, amma ina neman afuwa in faɗi abin da shekaru suka nuna mini, domin abin da ke rubuce a takarda daban, abin da ke faruwa a unguwa daban. Ni ma an hore ni da dorina kuma ban mutu ba, sai dai ba zan kare wanda ya ɗora wa marainiya wuƙa mai zafi ba, wannan ya fita daga horo ya shiga rashin imani. Inda na saɓa da Barista shi ne hanyar da za a bi.

'Yata, ki yi tunanin ranar da ke bayan ranar kamu. An tafi da matar, an kira mijin daga hanya, ya sayar da abin da ya mallaka ya yi beli, cikin kwana uku ta dawo. Shari'a kuma a ɗaga yau a ɗaga gobe, ke ce shaida, ke ce za ki riƙa biyan kuɗin mota zuwa kotu, har ki gaji ki daina zuwa a kori ƙarar. Na ga an yi haka da idona a wata unguwa da na zauna, kuma yaron da aka yi domin shi a ƙarshe ƙauye aka tura shi, babu wanda ya sake jin labarinsa. Idan kuma aka yi nasara aka ɗaure matar, wa zai riƙe ƙananan nan biyu? Idan aka haɗa da uban, wa zai ciyar da su ukun? Hukuma tana kama mutum, amma ba ta aiko da buhun masara gida.

Muna da shugabanni. A kowane gari na gefen Abuja akwai sarkin Hausawa, akwai mai unguwa, akwai limamin masallacin da mutumin ke sallah, direbobi kuma suna da shugabannin ƙungiyarsu a tasha waɗanda maganarsu ta fi ta alƙali nauyi a kunnen direba. A tara waɗannan a zaunar da shi, a kira matar, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu. Kunyar idon jama'a tana gyara abin da ɗauri ba ya gyarawa, kuma asirin gida ya rufu, yarinyar ba ta tashi da sunan wadda ta kai matar ubanta kurkuku ba.

Sista Mai Aikin Dare ta amsa:

Baba, da girmamawa, duk wannan zaman da kake faɗa zai ɗauki kwana nawa kafin uban ya dawo daga tafiya a tara mutane? Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin yara, kuma abin da ya tsaya mini a rai a cikin bayanin Maman Walida shi ne cewa ƙunar tana ruwa tana wari. Wannan alama ce ta ƙwayoyin cuta sun shiga, kuma ƙuna a bayan hannu idan ta warke ba tare da kulawa ba fatar takan tattare ta janye yatsu, yarinyar ta rasa amfanin hannunta na dama. Maganar asibiti ta yau ce, ba ta jiran sasanci. Don Allah kada a shafa mata man goge baki, ko ƙwai, ko toka, ko bakin mai, duk muna ganinsu kuma wahala suke ƙara mana wajen wanke ciwon.

Akwai wani amfanin asibiti bayan magani. Mu da muke wannan aiki muna gane bambancin ƙunar haɗari da ta ganganci. Yaron da ya faɗa kan murhu tafin hannunsa yake kai wa, kuma ciwon ba ya da tsari. Ciwon da ya fito da siffar wuƙa, ko cokali, ko dutsen guga, mai gefe a miƙe, a bayan hannu ko cinya ko gadon baya, shi da kansa yake ba da shaida. Haka tabon wayar wuta, yakan fito a lanƙwashe kamar igiyar da aka ninka, wani sabo wani tsoho. Idan likitan asibitin gwamnati ya rubuta wannan a kati da kwanan wata, an sami hujjar da ba ta dogara da bakin yarinya mai shekara takwas da aka riga aka koya wa abin da za ta faɗa ba. Idan aka bari ciwon ya warke, sai maganar ta koma ta ce, na ce.

Maman Walida, kada ki riƙa titsiye ta da tambayoyi, kuma kada ki yi mata alkawarin cewa ba za ki gaya wa kowa ba. Ki sami ɗan littafi ki rubuta ranar da kika ga ciwon, da abin da ta faɗa da bakinta ba ƙari, da ranakun da kuka ji duka. Idan har ta furta wani abu da ya shafi taɓa mata jiki ta hanyar lalata, a garzaya asibiti cikin awa 72, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau a cikin wannan lokaci yake aiki.

Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF ya nuna cewa yara shida cikin goma a Najeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma waɗanda suka sami taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. Ina ganin rufin asiri yana da babban kaso a wannan giɓi. Kowa ya tuna yaron nan ɗan kimanin shekara goma da aka ceto a Birnin Kebbi a watan Agusta na 2020, wanda mahaifiyarsa ta rasu aka ɗaure shi a turken dabbobi kusan shekara biyu. Gidan ba a daji yake ba, yana da maƙwabta.

Malam Na Zaure ya amsa:

Bismillah. Na ga kamar an raba maganar gida biyu, ko kotun hukuma ko zaman dattawa, alhali akwai ƙofa ta uku da ta fi kusa da tambayar da ta fi damun wannan baiwar Allah, wato ina za a kai yarinyar. Mutanenmu da yawa suna ɗauka cewa idan uwa ta rasu, 'ya'ya na uba ne kai tsaye. Wannan al'ada ce, ba fiƙihun da muke karantawa a zaure ba. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, renon yaro haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, idan kuma uwar ta rasu ko ta yi wani aure, haƙƙin yana komawa ga kaka ta wajen uwa, sannan ga 'yar uwar uwa. Uba yana can baya a jerin, matar uba kuwa ba ta cikinsa sam. Abin da ke kan uba shi ne ciyarwa, tufatarwa da kula da tarbiyya da karatu, ko a hannun wa yarinyar take. Wannan ya amsa damuwar Dattijo a kan buhun masara: komawarta wajen kakarta ba ta sauke wa uban nauyin ciyar da ita.

Malamai sun kuma sa wa mai reno sharuɗɗa, daga ciki akwai hankali, amana, iya ɗaukar nauyin, da amincin wurin da yaron zai zauna, kuma idan namiji ne zai riƙe yaro dole ya kasance yana da macen da za ta kula da shi. To idan macen da ke gidan ita ce mai cutarwar, sharaɗin ya faɗi. Uban yana iya kafa hujja da nisa, domin akwai maganar malamai a kan waliyyin da ya yi ƙaura zuwa gari mai nisa cewa yana iya tafiya da ɗansa, amma wannan ma an ɗaure shi da aminci, ba a yi shi domin a miƙa marainiya ga azaba ba. A Abuja akwai kotunan yanki da ke sauraron shari'o'in aure, gado da riƙon 'ya'ya na Musulmi, kakar ko innar tana iya shigar da ƙara a can.

Masu kafa hujja da hadisin da ya ce a umarci yara da sallah suna shekara bakwai, a buge su a kanta suna shekara goma, su lura cewa an ba da shekara uku cur na koyarwa kafin a ambaci bugu, kuma a kan sallah ne, ba a kan tsokar nama ba. Malamai sun ce bugun ladabi ba ya fasa fata, ba ya karya ƙashi, ba ya taɓa fuska. Azaba da wuta kuwa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ta, ya ce babu mai azaba da wuta sai Ubangijin wuta. Ban san wani malami da zai kira wannan tarbiyya ba.

Zan ƙara da abu ɗaya domin adalci. Matar da aka bar wa yara uku mako uku, wataƙila da kuɗin cefanen da bai kai ba, ita ma tana cikin matsi, kuma shari'a ba ta tilasta mata renon 'yar wata ba. Wannan ba uzuri ba ne ga abin da ta aikata, amma yana nuna cewa mayar da yarinyar ɗakin da takardar yarjejeniya ba zai canza abin da ya haifar da matsalar ba. Shawarata ita ce a nemo dangin mahaifiyar da gaggawa, domin mai yiwuwa ba su san komai ba.

Barista Mai Bin Kotu ya sake amsawa:

Allah ya gafarta Malam, ka cike gurbin da na bari. A aikace jami'an walwala da kotun iyali sun fi son su ga ɗan uwa tsayayye da zai karɓi yaro, don haka zuwan kaka ko inna yana sauƙaƙa komai. Baba Dattijo kuma ban musa abin da ka faɗa a kan jinkirin shari'a da gajiyar shaidu ba, ina ganinsa kullum. Sai dai a bambanta abu biyu: hukunta mai laifi, da fitar da yarinya daga haɗari. Na farkon yana iya ɗaukar shekara, yana ma iya ƙarewa da gargaɗi ko tara. Na biyun ana iya yinsa cikin kwanaki, kuma ba ya jiran na farkon. Sarkin Hausawa da liman da shugabannin tasha suna da babban amfani wajen sa uban ya sauko ya amince ba tare da ja-in-ja ba, amma a yi zaman da sanin jami'in walwala, a rubuta inda yarinyar za ta koma da abin da uban zai riƙa aikawa duk wata, domin yarjejeniyar da babu hukuma a bayanta ranar da aka karya ta babu wanda za a kira.

Wanda Aka Riƙa ya amsa:

Ban yi niyyar magana ba, amma kalmar rufin asiri ce ta tayar mini da tsohon ciwo. Ina da shekara bakwai aka kai ni riƙo gidan wani ɗan uwan mahaifina bayan rabuwar iyayena. Sau biyu ana zaman sasanci a kaina a zauren mai unguwa. Ina tsugune a gefe, manya suna magana a kan zumunci da haƙuri, aka sa na ba da haƙuri ga wadda ta fasa mini kai da muciya, aka yi fatiha aka tashi. Babu wanda ya ce in ɗaga rigata a ga bayana, babu kuma wanda ya tambaye ni ko ina son komawa. A hanyar komawa gida ina tafe a bayansu na san abin da ke jirana.

Wadda ta cece ni wata mai sayar da koko ce a bakin layinmu, da ta bi motar kasuwa har garin kakata ta gaya mata abin da idonta ya gani. Yau shekarata 41, ina da 'ya'ya huɗu, kuma har yanzu kunnena na hagu ba ya ji sosai. Baba Dattijo, ba ina raina zaman manya ba ne, amma idan za a yi shi, a fara fitar da yarinyar daga ɗakin tukuna, kada ta kwana tare da waɗanda aka tara mutane a kansu.

Maman Walida ta dawo:

Na gode muku gaba ɗaya, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa maigidana amsoshinku, musamman na Malam da na ɗan uwanmu da aka riƙa, ya yi shiru na wani lokaci sannan ya ce shi zai raka ni. Shekaranjiya muka je ofishin walwala da ɗan littafin da Sista ta ce in rubuta, jiya kuma wata jami'a ta zo tare da 'yar sanda mace cikin kayan gida, suka tafi da yarinyar asibiti. An wanke ciwon an naɗe, likita ya rubuta rahoto, kuma an ce za a riƙe ta kwana biyu saboda zazzaɓi da ƙarancin jini. Da aka cire mata riga sai da jami'ar ta juya baya.

Lambar dangin uwar mun same ta ne ta hannun yaron motar uban. Kakar tana raye a wani ƙauye a jihar Katsina, ta tsufa, amma akwai ƙanwar marigayiyar mai aure a garin, wadda ta fashe da kuka a waya ta ce shekara biyu ke nan duk lokacin da suka kira sai a ce musu yarinyar tana makaranta. Ta ce za ta taso ranar Asabar da mijinta.

A gidan kuwa yanzu ba mai amsa gaisuwata sai mutum biyu, mai gidan haya ya aiko cewa ba ya son masu jawo masa hukuma, matar kuma an rubuta bayaninta an sallame ta saboda goyon da ke bayanta, tana ɗakinta tun jiya ba ta leƙo ba. Uban zai iso ranar Alhamis, kwana biyu kafin innar ta zo, kuma an ce ransa a ɓace yake. Barista, idan ya je asibitin kai tsaye ya ce a ba shi 'yarsa, ma'aikatan suna da ikon hana shi, ko akwai wata takarda da ya kamata jami'ar ta karɓo daga kotu kafin ranar Alhamis ɗin?